Ƙyallen da Inna Ta Ɗaure

Ranar da kuka taru a ɗakina bayan sallar layya kuna shawarar gyaran gidan nan, na ji Rabi ta ce a cire tsohon allon wutar da ke baranda, a haɗa da shuɗin ƙyallen da ke rataye a gefensa, wai ya yi muni. Sai ta ƙara da wata magana ƙasa-ƙasa, tana zaton kunnena ya tsufa. Ta ce ai a kan allon nan ne Baba ya kori Kaka daga gidan nan. Ban tanka ba, saboda mazanku da matanku suna zaune, amma maganar ta zauna mini a ƙirji har yau. Na san ba ke kika ƙirƙiro ta ba, Rabi, a bakin matan unguwa kika tsinta kina ƙarama. To ga yadda aka yi, daga bakin wadda abin ya faru a jikinta.

Babanku mai gyaran wuta ne, duk Dutsin-Ma an san shi da haka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ban taɓa ganin mai tsoron wuta kamarsa ba. 'Yar sukudirebar nan mai fitila da yake gwada waya da ita ba ta barin aljihun gaban rigarsa, har masallacin Juma'a da ita yake zuwa. Nakan tsokane shi in ce ko liman zai gwada. Ya yi murmushi kawai, ya ce wanda ya daina tsoron wuta ya kusa barin sana'ar. Ba shi da yawan magana, ba shi da faɗa. Shekarun da muka yi tare, sau ɗaya na ji ya ɗaga murya, kuma wannan sau ɗayan ne ya bi shi har kabari a bakin mutane.

Cikin Auta ya ba ni wuya. Ƙafafuna suka kumbura, a asibiti aka ce jinina ya hau, kada in yi nisa da gari ko bayan na sauka. Haihuwar kuma za ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da itace ke jiƙewa, a yi ta hura wuta hayaƙi na cika gida. Saboda haka Babanku ya samo hita ta dumama ruwa, irin mai tanki da ake kafawa a bango, ya kafa ta a banɗaki. A jikinta akwai 'yar jar fitila da ke nuna tana aiki. Da ya gama sai ya kira ni baranda, ya nuna mini wani ɗan abu fari da ya ƙara a allon wuta, mai hannu da ake ɗagawa sama da ɗan maɓalli a gefe. Masu sana'ar suna ce masa bireka, amma shi mai gadi yake kiransa.

"Hajara, kin ga wanga? In wuta ta ɓace hanya, ta bi ruwa ko ta bi jikin mutum, kahin ki ƙyafta ido ya hwaɗi, ya yanke ta. Duk ran da kika ga ya hwaɗi, kada ki yi hushi da shi. Wani abu ya gani."

Daga ranar ya kafa mana wata al'ada. Duk sa'ad da aka ga sabon wata, washegari da safe sai ya sa ni in tsaya a ƙofar banɗaki ina kallon jar fitilar, shi kuma ya danna maɓallin a baranda don ya tabbata mai gadin bai yi barci ba. Sai a ji ƙas, fitilar ta mutu, in ɗaga murya in ce, "Ta ɗauke, Malam." Shi kuma ya ce, "Madalla, mun ƙara wata," ya mayar da hannun sama. Da farko wasan yara na ɗauki abin, har nakan yi jinkirin amsawa da gangan don in ji ya sake tambaya.

Da na sauka lafiya, Inna mahaifiyata ta zo daga Ɗantutture don ta yi mini wankan jego. Ku da kuka san ta da sanda ba ku san Inna ba. A lokacin mace ce tsayayya, mai faɗin kafaɗa, wadda rabin matan ƙauyenmu a hannunta suka yi arba'in ɗinsu. Ruwanta ya yi suna. Takan tafasa shi a rabin duro har ya yi ta tsalle, ta tsoma ganyen bedi, wato dogon yaro, ta fyaɗa wa mai jego a baya tana salati, mai jegon ma tana nata salatin. Da gwiwar hannu take gwada zafi, kuma ban taɓa ganin ta janye hannun da sauri ba. Tana da dalilinta. Ƙanwarta da suke ciki ɗaya ta rasu bayan haihuwa, a wani gida da ba a kula da wankanta ba, Inna kuma ta tafi da yaƙinin cewa sanyi ne ya shige ta. Tun daga nan ba ta wasa da ruwan jego, ko na 'yar maƙiyinta ne.

Tsakaninta da Babanku kuwa kunya ce irin ta da. A ƙofar ɗaki yake tuɓe takalmi, ya durƙusa daga nesa, ya gaishe ta kansa a ƙasa. Bai taɓa ce mata ke ba, sai ku. Bai taɓa cin ko goro a gabanta ba. Ita ma ba ta kama sunansa, mijin Hajara take cewa. Ta sha faɗa wa mutane cewa a cikin surukanta babu mai ladabinsa.

Ranar da ta fara ganin hitar ta daɗe tana kallonta, hannu a ƙugu.

"Wanga tulun da aka rataye bisa bango, shi za ya yi maki ruwan jego?"

Na ce ita ce, Inna. Ta buɗe famfo, ta tara gwiwar hannu, ta taɓe baki. Ruwan da zafinsa, amma hitar tana da wayonta, in ya kai wani matsayi sai ta kashe kanta, ba ta bari ya tafasa. Inna ta ce ruwan da ke jin tausayin mai jego ba ta san amfaninsa ba. Sai dai itacen da ke gidan duk ya sha ruwa, sama kuma kullum a haɗe. Ta haƙura, tana tara na hitar a bokiti, ta tafasa buta guda a gawayi ta ƙara a kai. Haka muka yi ta yi safe da yamma, in dai an kawo wuta, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin hannunta a bayana. Duk girmana, da 'ya'ya huɗu, in ta riƙe kafaɗata sai in koma yarinya.

Bayan suna aiki ya kira Babanku Shema, inda ake haɗa injin wata rijiyar burtsatse, ya ce zai kwana biyu. Yana tafiya aka yi ruwa mai yawa, bangon banɗaki ya jiƙe sharkaf. Da yammar nan mai gadi ya faɗi. Inna ta ga yadda ake yi, ta ɗaga shi. Aka jima ya sake faɗuwa. Daga ɗaki na ce mata ta bar shi, Malam ya ce in ya faɗi wani abu ya gani, mu jira ya dawo.

"Mi ya gani? Ido gare shi? Ke kwanta. Mai jego ta tsallake wanka guda, sanyi ya shige ta, shi za ya hidda maki shi?"

Na koma na kwanta, don ba a jayayya da Inna a kan wanka. Abin da ban sani ba shi ne, da safe da aka kawo wuta, ta gaji da ɗagawa yana faɗuwa, sai ta yagi gefen zanenta, ta ɗaga hannun sama, ta ɗaure shi tamau a jikin wata ƙusa da ke bisa allon, kamar yadda take ɗaure akuya mai ɓarna. Ta jira ruwa ya yi zafi, ta kira ni.

Na shiga ba takalmi, ƙasa a jiƙe. Bokitin bai cika ba, na miƙa hannu na kama kan famfon in ƙara buɗewa. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Wani abu ya cafke hannuna ya girgiza ni har haƙora, yatsuna suka ƙanƙame ƙarfen, na so in saki na kasa. A cikin wannan hali na ji ƙas daga baranda, abin ya sake ni. Na faɗi, goshina ya bugi bakin bokiti. Inna ce ta jawo ni waje tana innalillahi, ta rungume kaina a cinyarta, jini na zuba a zanenta. Kafin wani lokaci gida ya cika da matan maƙwabta.

A haka Babanku ya shigo da hantsi, ya gama aikinsa da wuri. Ya ga mata cike da tsakar gida, ya gan ni kwance da jini a fuska, ya waiga ya ga ƙyalle ɗaure a hannun mai gadi. Bai tuɓe takalmi ba, bai durƙusa ba. A tsaye, a gaban matan unguwa, ya dubi Inna ido cikin ido.

"Wa ya ɗaure wanga? Ke kika ɗaure shi? Inna, kin kusa kashe ta! Kin kusa kashe mani ita!"

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ban rage ba ban ƙara ba. Bai ce ta fita ba, bai nuna mata ƙofa ba. Amma ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin abin ba. Suruki ya tsaya a kan surukarsa da takalmi, ya ce mata ke, ya kira ta mai kisan 'yarta, ita da mata ke kawo wa 'ya'yansu don ta raya su. Inna ta sauke kaina a hankali a kan tabarma, ta shiga ɗaki, ta ɗaure kayanta a ɗankwali. Da ta fito ba ta dubi kowa ba sai ni.

"Hajara, tashi ki ɗauko ɗiyar. Mu tahi gida in ƙarasa maki wankanki da itace, yadda uwata ta yi mani."

Wallahi na so in tashi. Babu abin da nake so a duniya a lokacin kamar in bi ta, in kwanta a ɗakinta mai ƙamshin hayaƙi da man shanu, in ji tana fasa itace da asuba. Amma asibiti sun ce kada in yi nisa. Kuma na dubi Babanku, na ga sukudirebarsa ta faɗi ƙasa bai ma sani ba. Na san in na fita ƙofar nan da jaririya a ranar, gari zai ce yaji na yi, shi kuma ba zai ƙara ɗaga kai a Dutsin-Ma ba. Mutumin da abin da ya kafa da hannunsa ne ya sa nake numfashi. Na sunkuyar da kai na ce, Inna, ku yi haƙuri. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To. Allah shi raya," ta fita.

Wannan ma matan unguwa ba su ba ku labarinsa ba: Babanku ya bi ta har tashar motar Kurfi. Ya nemi ya karɓar mata ƙunshin ta hana. Ya durƙusa a cikin taɓo, a gaban direbobi da masu talla, ya roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe, fuskarta a wani gefen. Ya dawo da laka har gwiwa, ya zauna a baranda bai ci komai ba ranar.

Wata maƙwabciya ce ta ƙarasa mini arba'in, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, tana yi tana hira. Allah ya saka mata, amma kullum in ta ɗora mini ganyen sai hawaye ya zo mini. Washegarin tafiyar Inna Babanku ya sauke hitar ya buɗe, ya tarar ƙarfen da ke dumama ruwan a ciki ya tsage, wuta na zurarewa cikin ruwa, ya canza shi. Mai gadi ya yi ta faɗa mana tun yammar da aka yi ruwan nan, mu ne ba mu ji ba. Da yamma ya zo ya zauna a bakin gadona da ƙyallen a hannu.

"Kin san wani abu? Ɗaurin ga bai hana komi ba. Ko da sarƙa aka ɗaure hannun, daga ciki yake hwaɗuwa. Waɗanda suka ƙera shi sun san akwai irin su Inna a duniya."

Na yi dariya ina kuka. Na ce to don me ka yi mata tsawa? Ya ce ya ga jini a goshina, ya ga ƙyallen, bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba. Ya tashi ya je ya rataye ƙyallen a ƙusar nan, ya ce kayan Inna ne, ran da ta zo sai ta ɗauki abinta.

Ba ta zo ba. In na je Ɗantutture takan karɓe ni hannu biyu, ta yanka mini kaza, ta goya ku ɗaya bayan ɗaya, amma ko maganar Dutsin-Ma ba ta so. Aka yi saukar karatun yayanku ba ta zo ba, aka yi bikinki, Rabi, ta aiko da tabarmi da ƙwarya ta zauna a gida. Kowane taro na yi a gidan nan, idona na kan ƙofa. In na ji sallamar tsohuwa sai in zabura in leƙa, in ga wata ce. Ina da uwa a raye, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, amma ba ta san inda na mayar da madafata ba, ba ta ga mangwaron da na shuka ya yi 'ya'ya ba. Babanku kuwa, duk ranar kasuwar Kurfi da ya samu sarari sai ya hau babur ya ƙarasa ƙauyen da goro da sabulu, ya durƙusa a zaure ya aika a ce yana gaisuwa. Daga ciki a ce ta amsa. Shekara da shekaru yana wannan, bai taɓa dawowa ya yi mini ƙorafi ba.

Da tsufa ya kama ta, ƙafafu suka ƙi, kawunku Iro ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa a Kurfi, inda akwai wuta. Ba ta iya wanka sai da ruwan zafi, matarsa kuma ta gaji da hura gawayi, sai ya sayo hita ya sa wani ya kafa. Wata rana muna cin tuwon rana sai ga wayar Iro. Ya ce Inna ta ƙi shiga banɗakin, an yi lallashin duniya. Ta tambaya ko an sa abin nan mai faɗuwa, aka ce ba a sa ba. Ta ce to ba ta shiga, kuma ba kowa zai sa ba sai mijin Hajara.

Babanku ya cire hannu daga tuwon bai ƙara loma ba. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki jakar aiki. Na ce da wannan rigar za ka hau tsani? Bai ma ji ni ba. Muka hau babur tare.

Mun same ta zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta rame, ta ƙanƙance. Ya tuɓe takalmi, ya gaishe ta daga nesa, ya shiga aiki. Duk tsawon aikin idonta na kan bayansa, gashinsa ya yi fari shi ma. Da ya gama ya zo ya durƙusa ya ce an sa.

"Gwada in ji."

Ya tashi ya danna. Ƙas.

"Sake."

Ya ɗaga, ya sake dannawa.

"Hajara ta ce ko an ɗaure shi hwaɗuwa yakai."

"Hakanan ne, Inna."

"To madalla da shi."

Sai ta kira matar Iro ta ce a dama fura. Da aka kawo, Babanku ya ɗauki ƙwaryar zai fita zaure kamar yadda ya saba. Inna ta ce, "Zauna nan. Sha gabana." Ya tsaya kamar bai ji daidai ba. Ta maimaita. Ya zauna, ya ɗan juya gefe, ya kai ludayi baki, hawaye na sauka a gemunsa. Ni dai na shige ɗaki, don ba zan iya kallo ba. Da za mu tafi ta riƙe hannuna ta ce an faɗa mata har yanzu ƙyallenta na rataye, in ƙafa ta yi sauƙi bayan an cire amfanin gona za ta zo ta amshi abinta, ta ga mangwaron nan da nake ta ba ta labari. Na dawo gida na share ɗakin baƙi, na sayi sabuwar tabarma. Ba a gama yankan gero ba Allah ya karɓi abarsa.

To kun ji. Babu wanda ya kori kowa. Mutum biyu ne suka ji tsoron kada in mutu, kowa da irin tsoronsa, ni kuma na tsaya a tsakiya na zaɓi inda zan kwana. Ku fasa duk bangon da kuke so, ku sa tayil, ku canza waya, mai gadin ma in ya tsufa ku kawo sabo, Babanku da kansa zai ce a canza. Amma ƙusar nan da abin da ke jikinta ku bar mini su, mai shi ba ta zo ta karɓa ba tukuna.

Shekaranjiya aka ga wata. Jiya da safe na fito baranda na danna maɓallin da kaina, kamar yadda nake yi tun da aka fita da Babanku ta ƙofar nan. Aikin na mutum biyu ne, yanzu ni ce mai dannawa ni ce mai dubawa. Na ji ƙas, na dafa bango na taka a hankali har ƙofar banɗaki, na ga jar fitilar ta mutu. Na ɗaga murya na ce, "Ta ɗauke, Malam." Na ɗan tsaya ina saurare, sannan na koma na ɗaga hannun.